Mota ta Miliyan Ɗaya: Gyaran Jikin Corvette ɗin da Ƙasa ta Haɗiye

Da asubahin ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2014, ƙasa ta burma a tsakiyar wani ɗakin baje koli na gidan tarihin motocin Corvette da ke garin Bowling Green, a jihar Kentucky ta Amurka. Ƙarfe 6 ba ta yi ba, ma'aikata ba su iso ba balle maziyarta, don haka ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Motoci abin ya rutsa da su. Guda takwas suka zurma cikin rami mai zurfin kimanin mita 9, faɗinsa ya haura mita 12, kankaren daɓe da duwatsu da ƙasa suka bi su a kai. Kyamarar tsaro ta ɗauki farkon abin, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Wannan yanki na Kentucky a kan dutsen farar ƙasa yake zaune, irin wanda ruwa ke lasa sannu a hankali har ya rarake cikinsa. Kogon Mammoth, wanda ba a san kogo mai tsawonsa ba a duniya, ba shi da nisa da garin. An gina ɗakin a kan wani kogo ba tare da an sani ba, rufin kogon ya gaji, ya rufta.

A cikin motocin takwas, wadda wannan nazari ya shafa ita ce fara mai rufin da ake naɗewa, ƙirar 1992. Ita ce Corvette ta cikon miliyan ɗaya, an gama haɗa ta ranar 2 ga Yulin 1992 a masana'antar da ke tsallaken titi da gidan tarihin, inda ake ƙera wannan samfuri tun 1981. Da gangan aka yi ta fara da jajayen kujeru, don ta yi kama da Corvette ta farko da ta fito daga garin Flint na jihar Michigan a ƙarshen Yunin 1953, shekarar da guda 300 kacal aka yi, dukkansu farare masu jan ciki. In aka cire wannan lamba ta miliyan ɗaya, mota ce gama-gari a cikin 'yan'uwanta: inji mai silinda 8, lita 5.7, ƙarfin doki 300, irin wanda ke cikin dubban motocin wannan shekara. A kasuwar tsofaffin motoci ta Amurka Corvette ta 1992 ba ta cikin masu tsada. Darajar wannan ɗin gaba ɗaya tana cikin kasancewarta ita ɗin ce, ba wata mai kama da ita ba. A kan wannan kuma duk wani hukunci na gyaranta ya rataya.

Wace za a gyara, wace za a bari

Washegarin faruwar abin kamfanin General Motors, mai samfurin Chevrolet da Corvette ke ƙarƙashinsa, ya sanar cewa shi zai jagoranci gyaran motocin, a ƙarƙashin kulawar Ed Welburn, shugaban sashen zane na kamfanin a lokacin. Alkawari ne da aka yi kafin a ga abin da ke ƙasa. A makon farko na Maris aka fito da biyar da ƙugiya, har da ta miliyan ɗaya. Sauran ukun sai a Afrilu, domin sun nutse cikin ɓaraguzai, sai da aka yi haƙa. Ta ƙarshe, wata Z06 ta 2001 da kamfanin Mallett ya ƙara wa ƙarfi, ta fito a murɗe, da ƙyar mutum zai ce mota ce.

Da aka jera su aka duba, sai magana ta canja. A ƙarshen Agustan 2014 aka yanke cewa uku za a gyara: ZR1 ta 2009 mai laƙabin Blue Devil, da baƙa ta 1962, da ta miliyan ɗaya. Biyar za a bar su yadda suka fito. Ba wai gyaran ya gagara ba ne. Kamfanin da ya ƙera mota tun farko ba zai kasa sake ƙera ta ba. Abin da aka lura shi ne, in aka ce sai an mayar da waɗannan biyar kan ƙafafunsu, kusan komai nasu sabo zai zama, abin da zai saura na asali bai wuce lambar shasi ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Misali mafi nuna wannan ita ce Corvette ta cikon miliyan ɗaya da rabi, ƙirar 2009, ita ma fara mai jan ciki, ita ma tana cikin ramin. Ta fuskar tarihi ba ta gaza yayarta da komai ba. Amma ta niƙe, aka bar ta. Ke nan ba muhimmancin mota aka auna ba. An auna yawan abin da ya rage nata ne wanda za a iya gini a kansa. Ina ganin wannan shi ne hukunci mafi kyau da aka yanke a lamarin duka, kuma shi ne wanda masu kuɗi suka fi kasa yankewa, domin mai kuɗi ba ya son a ce masa a bar abu a lalace.

Jikin da ba ya lotsawa

Kafin a shiga aikin, sai an san da me aka yi jikin. Motocin ƙarfi na Amurka na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, su Mustang da Charger da Camaro da GTO, jikinsu ƙarfe ne. In ya bugu sai ya lotsa, a bubbuga shi ya dawo. In ya tsufa sai ya yi tsatsa, a yanke a yi walda. Corvette ba haka take ba. Tun 1953 jikinta faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da gam mai daskarewa. Daga 1973 aka fara komawa ga wani nau'i da ake kira SMC, inda ake haɗa gajerun zaruruwa da gam da hoda su zama kamar tabarma mai laushi, a matse ta cikin mazubin ƙarfe mai zafi ta fito da siffar ƙofa ko bonet. Da irin wannan aka yi jikin motar 1992. A ƙarƙashinsa kuwa akwai ƙashin ƙarfe, shi ke ɗauke da nauyi.

Wannan jiki ba ya tsatsa, ba ya kuma lotsawa. Tsagewa yake yi, ko ya karye, ko zaruruwansa su rabu daga ciki alhali fuskar fentin tana nan lafiya lau. Guduma ba ta da aiki a nan. Ƙa'idar gyaran ita ce a bi tsagar har inda ta ƙare, a goge gefunanta biyu a karkace har su zama kwari mai faɗi, a tokare ta baya, sannan a cike kwarin da zare da gam, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace ta ɗan fi ta ƙasanta faɗi. Wanda ya shafe tsaga da bodi fila kawai ya fesa fenti, zai sake ganinta bayan mota ta sha rana ta sha girgiza, a daidai inda take tun farko.

Akwai tarko biyu da suka shahara a wannan aiki. Na farko, gam ɗin da ake gyara tsohon faiba da shi ba ya kama SMC da kyau, saboda a cikin SMC akwai sinadarin da ke hana shi mannewa a mazubi, kuma sinadarin yana ko'ina cikin kaurinsa, ba a fuska kaɗai ba. Sai an samo gam da aka yi dominsa. Na biyu, faci yana ci gaba da tsukewa bayan ya bushe. In aka yi gaggawar fenti, bayan watanni sai zanen facin ya bayyana ta ƙarƙashin fentin, musamman in an yi amfani da zare saƙaƙƙe maimakon wanda aka barbaza. Saboda haka ake gasa facin da fitilar zafi, ko a bar shi ya huta, kafin a ci gaba. Ko wajen cire tsohon fenti ma sai an yi hattara, domin yashin da ake fesa wa ƙarfe da iska yana cinye faiba ya bar zare a tsaye.

Duk wannan yana nufin abu ɗaya. A jikin irin wannan mota, canja fanel kusan kullum ya fi gyara shi sauƙi, ya fi arha, ya kuma fi tabbas. Ga duk wani gareji da ke aikin inshora, motar miliyan ɗaya ba abin dogon tunani ba ce: a kwance, a zubar, a ɗaura wasu.

Abin da aka tarar a ƙarƙashi

A 2015 aka yi aikin motar a cibiyar zane ta General Motors da ke Warren, kusa da Detroit. Waɗanda aka ba aikin mutane ne da sana'arsu ita ce ƙera motocin gwaji da na nuni da hannu, guda ɗaya ɗaya. Kimanin mutum 30 ne suka sa hannu a aikin, ya ci wata 4 da sa'o'in aiki 1,200.

Da suka fara kwance ta, sai suka ga rubutu. A bayan fanel, a kan ƙarafan ciki, a ƙarƙashin dashbod, ko'ina sunaye ne. Ma'aikatan Bowling Green da suka haɗa motar a 1992 sun san wace mota ce ke wucewa ta gabansu, kowa ya sa hannu a kan abin da ya ɗaura kafin a rufe. Fiye da shekara 20 sunayen suna nan a ɓoye, maziyarta suna zagaya motar ba su ganin ko ɗaya. Wannan ya rushe lissafin sauƙi da arha. Fanel ɗin da a da za a jefar, yanzu takardar shaida ce. Daga nan tambayar kowane sashe ta zama: za a iya ceto shi? Sai in amsar ta zama a'a ƙarara ake neman madadi.

Wurin da wannan ya fi fitowa fili shi ne firam ɗin gilashin gaba. A motar da ba ta da rufin ƙarfe, wannan firam shi ne abu mafi tsayi a jikinta, shi ya karɓi nauyin abin da ya faɗo, ya kwanta a kan kujeru. Duk wanda ya ga hoton motar a lokacin zai ce sai dai a yanke a sa wani. Da ta iso wurin aikin an maƙala masa ƙugiya daga sama aka ɗaga shi, ba don gyara ba, don dai a samu sararin da direba zai zauna a matsar da motar. Sai ga shi ya tashi ya dawo kusa da inda yake tun asali. Ganin haka suka fasa yankewa, suka ci gaba da miƙar da shi har sabon gilashi ya zauna.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma ba ƙarami ba ne. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya riga ya miƙe ta gefe ɗaya ya tsuke ta ɗaya, wurin lanƙwasar kuma ya yi tauri fiye da kewayensa. In ka ja shi, sau da yawa ba a wurin zai warware ba, sai ya lanƙwashe a gefensa. Gilashi kuwa ba ya sassauci: in firam ya kauce da 'yan milimita, ko dai ya ƙi zama, ko ya zauna a takure ya tsage daga baya. A saman wannan firam ɗin ne kuma rufin yadi yake kullewa, gilasan ƙofofi ma a jikinsa suke rufewa. Kuskure kaɗan, ruwa ya shiga, iska ta riƙa fito. Sabon firam zai kawar da duk wannan fargaba a yini guda. Suka zaɓi doguwar hanya don su riƙe na asali.

Haka aka bi sauran. Ƙarfen gaba da ke riƙe da inji da ƙafafu ya karkace, aka miƙar da shi, ba a canja ba. Bamban baya da salansa sun ji jiki, aka ceto su. Rim ɗin sun bugu, aka gyara, aka mayar musu da tayoyin Goodyear na asali. Taya mai shekara 23 ba ta hawa titi ba ce, amma wannan mota ba titi za ta hau ba. Kujerun jar fata masu ɗinkin lambar miliyan ɗaya a matashin kai ba su da madadi a ko'ina, don haka aka yi musu faci da fata mai dacewa. Dashbod ya kakkarce, amma ƙashinsa na ɗauke da sunaye, sai aka ɓare lallausar fatar sama kawai aka sa wata. Injin da giya kuwa an duba, babu abin da ya same su. Rubutun da ke manne a saman gilashin gaba, mai shelar lambar motar, ya tafi tare da gilashin, amma aka yi sa'a fayil ɗin kwamfuta da aka buga shi da shi a 1992 yana nan, aka sake bugawa.

Abin da ya gagara

Ba komai ne ya cetu ba. Bonet ya tafi, bamban gaba ya tafi, haka ƙananan fanel da ke tsakanin tayoyin gaba da ƙofofi, da wasu ƙarafan tokare a ƙarƙashin bonet. A wannan samfuri bonet ba ƙaramin murfi ba ne. Guda ɗaya ne da ya haɗe da saman tayoyin gaba, yana buɗewa ta gaba ya bar inji da ƙafafu a fili. Wato kusan duk abin da ido ke gani a gaban motar yau ba nata ba ne.

Ba a yi odar sababbi ba. An samo wata Corvette mai shekaru ɗaya da launi ɗaya aka ciro nata. Hikimar a fili take. Kayan da aka matse a mazubi ɗaya a zamani ɗaya sun fi zama daidai da juna a kan wanda aka kwaikwaya daga baya, kaurin ɗaya, gefunan ɗaya, tazarar da ke tsakanin bonet da ƙofa tana fitowa yadda masana'anta ta fitar da ita, ba fiye ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga masu wannan harka, domin akwai gyaran da ke wuce gona da iri, a fito da mota ta fi yadda aka ƙera ta kyau. Alƙalan ƙungiyar NCRS, wadda aka kafa a 1974 don masu gyara tsofaffin Corvette, suna rage wa mota maki a kan irin wannan kyau na ƙari.

Sassa biyu masu ɗauke da sa hannu ba su cetu ba. Aka ɗauki hoton sunayen da na'ura, aka buga su, aka manna a kan madadin. Wani sashe na uku ya lalace har sunan da ke kansa bai ɗauku ba. Gidan tarihin ya bi sawu ya gano mai sunan, wata ma'aikaciyar masana'antar, ta zo ta sake sa hannu a kan sabon.

A nan ne nake da ja. Sa hannun da matar ta sake yi, nata ne, da hannunta, ko da shekara 23 sun shiga tsakani. Wanda aka buga aka manna kuwa hoton sa hannu ne a kan abin da mai sunan bai taɓa taɓawa ba. Da a ɓoye aka yi shi, da jabu ne, babu wani suna da za a ba shi. Abin da ya wanke shi shi ne kamfanin ya faɗa da bakinsa: ga abin da muka gyara, ga abin da muka canja, ga inda muka samo madadi, ga sunayen da kwafi ne. Wannan bayani wani ɓangare ne na gyaran, daidai da gam da fenti. Mu da muka saba ganin motocin da suka yi hatsari a Amurka suna shigowa ta Kwatano da Legas, a kai su wurin fanel bita su fito fes, mun san ɗaya fuskar sana'ar, inda gwaninta ita ce kada mai saye ya gane an taɓa mota. Hannu ɗaya ne, kayan aiki ma kusan ɗaya. Bambancin yana ga wanda ake yi wa aikin da abin da aka gaya masa.

A farkon Satumban 2015 aka yaye mayafin motar a Bowling Green.

Sauran biyun da ramin

Blue Devil ba ta ba da wahala ba. Ita ce a saman tarin, ita aka fara fitarwa ranar 3 ga Maris, aka murza makulli ta tashi, aka tuƙa ta 'yan taku duk da man da take zubarwa. Ƙofofi sun tsage, gilashi ya fashe, fanel na gefen fasinja ya lalace, wasu ƙarafan ƙafar baya sun lanƙwashe. Mota ce ta 2009, kayanta suna nan a wadace. Mako 6 aka yi, a Nuwamban 2014 aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na SEMA a Las Vegas. Baƙar ta 1962 kuwa gidan tarihin ne ya gyara ta da kansa, a wurin aikinsa inda maziyarta ke iya leƙawa, da tallafin kuɗi daga General Motors. Nata jikin tsohon faiba ne a kan shasi daban, aka gama a farkon 2018.

Ramin ma sai da aka yi muhawara a kansa. Mutane sun yi ta tururuwa don ganinsa, maziyartan 2014 suka haura 250,000, abin da gidan bai saba gani ba. Hukumar gidan ta fara karkata ga barin wani ɓangare a buɗe, amma da aka lissafa kuɗin tokare gefuna da kula da danshin da ke tasowa daga kogo zuwa ɗakin da ke cike da motoci, sai aka fasa. Aka cike shi da dakakken dutse, aka kafa turaku har zuwa dutsen ƙasa, aka zana iyakarsa a kan sabon daɓen, aka bar 'yar taga da ake leƙa ƙasa. Motocin da ba a gyara ba aka ajiye su a nan da ƙurarsu.

Abin da ya shafi masu jikin ƙarfe

Ba kowa ne zai ɗauko mutum 30 ya ɗora a kan mota ɗaya ba. Sa'o'i 1,200 a farashin aikin hannu na Amurka sun ninka kuɗin Corvette ta 1992 gama-gari sau da yawa, kuma babu mai hankalin da zai kashe su a kan wadda ba ta da tarihi. Amma tambayar da aka yi ta yi a Warren ita ce dai ke gaban duk wanda ya jawo Charger ta 1969 ko Mustang ta 1967 daga rumbun wani manomi.

Su waɗannan ba rami ne ke cinye su ba, gishiri ne. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin daɓen mota da ƙasan but da gefunan baya da gindin gilashi. Kusan kowane fanel nasu yanzu ana samun sabon bugu. Har jiki sukutum ake sayarwa: kamfanin Dynacorn yana buga sababbin jikkunan Camaro da Mustang na ƙarshen shekarun 1960 da lasisin masu samfurin. Mutum na iya sayen jiki sabo, ya kwaso inji da kujeru daga ruɓaɓɓiya ya zuba. Mota ce mai kyau, wataƙila ma ta fi ta asali ƙarfi. Rigima tana farawa ne in ya ciro farantin lambar shasi daga tsohuwar ya manna wa sabuwar, ya kai kasuwa a matsayin ta asali. Dokar tarayyar Amurka ta hana wasa da wannan lamba, masu saye kuma sun koyi duba lambobin da aka buga a ɓoyayyun wurare na jiki.

Saboda haka gogaggun masu gyara suke yanka ƙarfe da rowa. In ƙasan fanel na baya ne ya ruɓe, ƙasan kaɗai ake yankewa, a gwada faci baki da baki, a yi walda ɗigo ɗigo ana tsallakawa don kada zafi ya murɗe faifan, a bar saman da ɗigon waldar masana'anta yadda yake. Kafin kuma a fesa wa jiki yashi ko a tsoma shi a sinadarin cire fenti, sai an ɗauki hoton komai. Ma'aikatan Detroit na wancan zamani ba su sa hannu ba, amma sun bar alamun alli da ɗigon fenti a jikin shasi da ƙafafu, alamun duba aiki ne, kuma wanki ɗaya ke tafiya da su. A motocin Chrysler akan tarar da takardar haɗa mota, mai jera duk abin da aka ɗaura mata a layi, a soke cikin wayoyin kujera ko a ƙarƙashin kafet. A Corvette daga 1967 irin wannan takarda a saman tankin mai ake manna ta. Charger mai injin Hemi, babban injin Chrysler mai ƙarfi, da ke da takardarta da ƙarfenta na asali, ko da facin walda a gefe, ta fi wadda aka sake wa jiki tsada nesa ba kusa ba, kuma kafin mai saye ya biya yakan nemi a nuna masa hotunan motar tana tsirara, kafin fila da fenti su hau.